Me Ya Sa Katin Tallafin Abinci Na Amurka Yake Sayen Kaza Mai Sanyi Amma Ya Ƙi Mai Zafi?

Kanti ɗaya, kaza ɗaya, kuɗi kusan ɗaya. Idan gasasshiyar kazar tana cikin gilashin da ke riƙe mata zafi, katin tallafin abinci da gwamnatin Amurka ke ba masu ƙaramin ƙarfi ba zai biya ta ba. Idan ta huce ma'aikacin kanti ya mayar da ita firji, katin zai biya ba tare da wata gardama ba. Me ya kawo haka, kuma wa abin yake ci?

Maganar ta daɗe ana yinta, amma ta sake zafi tun 2025, lokacin da jihohi suka sake neman izinin hana sayen lemon kwalba da alewa da wannan kati, gwamnar jihar Arkansas kuma, Sarah Huckabee Sanders, ta haɗa da roƙon a bar mutane su riƙa sayen gasasshiyar kaza mai zafi. Mutane da yawa, har da waɗanda ke riƙe da katin, sun ɗauka cewa doka ta hana sayen duk wani dafaffen abinci ne. Wasu kuma sun ɗauka don kare lafiya aka yi ta. Duka biyun ba haka ba ne.

Wane kati ake magana a kai?

Shirin da ake kira SNAP shi ne babban tallafin abinci na Amurka. Kuɗinsa daga gwamnatin tarayya yake fitowa ta hannun Ma'aikatar Noma, jihohi kuma su ke karɓar takardun masu nema, su tantance, su raba. A 2025 mutum kusan miliyan 42 ne suka ci moriyarsa, wato kusan ɗaya cikin kowane mutum takwas a ƙasar, kuma ya ci kimanin dala biliyan 100 a shekarar. Wannan adadi yana da girma a kunne, amma idan aka raba shi kan kawuna sai ya koma kimanin dala 6 ga kowane mutum a rana. Mafi yawan abin da mutum guda zai iya samu a wata a yawancin jihohi, a lissafin da ya fara aiki a Oktoban 2025, shi ne dala 298, gida mai mutum huɗu kuma dala 994. Akasarin gidaje ba sa samun cikakken wannan, domin ana rage shi gwargwadon abin da suke samu.

A da takardu ake bayarwa masu kama da kan sarki, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran shirin da tsohon sunansa, food stamps, wato kan sarkin abinci. Zuwa 2004 an gama mayar da kowace jiha kan kati irin na banki, wanda ake kira EBT. Kowane wata kuɗi su shiga, mutum ya je kanti ya goga katin, ya danna lambar sirrinsa. Ba a cire kuɗin abinci a na'urar banki, kuma ba a ɗora harajin saye a kan abin da aka biya da su.

Akwai wani abu da ke rikita mutane a nan. Kati ɗaya yakan ɗauki aljihu biyu: na abinci, da na tsabar kuɗi ga waɗanda ke karɓar wani tallafin na daban, kamar na iyalai masu yara da ake kira TANF. Aljihun tsabar kuɗi yana sayen abinci mai zafi, yana sayen sabulu da kyallen jarirai. Don haka idan ka ga wani ya miƙa irin katinka ya karɓi shinkafa tana tururi, ba lallai ba ne ya fi ka wayo ko ya karya doka. Mai yiwuwa daga ɗaya aljihun ya biya.

Abin da ke wucewa da abin da ba ya wucewa

A manyan kantunan Amurka akwai sashen da suke kira deli. Wani dogon tebur ne mai gilashi, ma'aikaci yana tsaye a bayansa yana yanka maka nama da cuku gwargwadon labar da ka ce, ya ɗora a sikeli, ya manna farashi. A nan ake haɗa sanwici, a nan ake ɗibar salak iri-iri, kuma galibi a gefe guda akwai soyayyar kaza da dankali da miya da gasasshiyar kaza suna jiran mai saye. A birnin New York ƙananan kantunan unguwa ma, waɗanda ake kira bodega, kusan kowanne yana da irin wannan tebur a ƙurya, da faranti mai zafi na suya a baya.

Abin da doka ta ce gajere ne. Katin yana sayen abincin da za a kai gida a ci, ban da giya, ban da taba, ban da abinci mai zafi wanda aka shirya don a ci nan take. Ma'aunin shi ne yanayin abincin a daidai lokacin da ake biyan kuɗi. Ba a tambayar wa ya dafa, ba a tambayar yana da amfani a jiki ko ba shi da shi, ba a tambayar tsadarsa. Tambaya ɗaya ce: yana da zafi?

Saboda haka yankakken nama da cuku suna wucewa. Salak na dankali ko na kabeji yana wucewa. Sanwicin da aka haɗa maka da sanyinsa, aka naɗe a takarda za ka tafi da shi, yana wucewa. Soyayyar kazar jiya da aka saka a roba aka ajiye a firji tana wucewa. Har kek na bikin ranar haihuwa yana wucewa, muddin kayan adon da ba a ci ba su haura rabin kuɗinsa ba. Miya mai zafi, soyayyen dankali, kofin gahawa ko shayin da aka zuba daga tukunya, waɗannan ba sa wucewa. Gahawar da aka saka wa ƙanƙara kuwa tana wucewa. Da a ce wannan doka a wurin mai nama take aiki, da kilishi ya shiga, tsiren da aka sauke yanzu daga wuta bai shiga ba, sai an bar shi ya sandare.

Bari mu duba yadda abin yake a gaban tebur. A ce wata uwa ta taso daga aikin jinyar tsofaffi a yankin Bronx na birnin New York da ƙarfe takwas na dare, ta tsaya a kantin unguwa. Ta ce a haɗa mata sanwici biyu na naman talotalo da cuku saboda yara. Yaron kanti ya yanka burodi, ya jera nama, sai ya ɗaga kai ya tambaya ko a ɗan gasa don cukun ya narke. Wannan tambayar ita ce kan iyaka. Idan ta ce a bar shi haka, katin ya biya. Idan ta ce a gasa, minti biyu a kan wuta sun mayar da shi abin da katin ba ya saya, alhali ko yankan tumatir ɗaya bai ƙaru ba. Yaron da ya san aikinsa, idan ya hango katin a hannunta, zai rage murya ya ce: "Hajiya, da wannan za ki biya? To a bar shi da sanyinsa, kya ɗumama a gida." Wanda bai sani ba zai gasa, ta isa wurin biya kwamfuta ta ƙi, layi ya tsaya a bayanta, ta fara laluben jaka. A manyan kantuna kwamfutar ce ke rarrabe kaya da kanta bisa lambar da ke jikin kowane abu, don haka roƙon mai karɓar kuɗi ba ya amfani. Ba shi da maɓallin da zai danna.

Akwai ƙarin sharaɗi da ba kowa ya sani ba: abincin da aka sayar don a ci a cikin kantin, a kan kujerun da aka tanada, shi ma ba ya shiga, ko da mai sanyi ne. Sai kuma wani sassauci da ya shafi Musulmi kai tsaye. Katin ba ya sayen dabba mai rai, amma yana sayen dabbar da aka yanka kafin mai saye ya ɗauka, in dai wurin yana da izinin karɓar katin. Wato wanda ya je inda ake sayar da kaji da rai ya zaɓa aka yanka masa bai saɓa wa ƙa'ida ba.

Daga ina wannan ƙa'ida ta samo asali?

Wanda ke son ya gane ta sai ya tuna cewa tun farko ba shirin ciyar da mutane kawai ba ne, shirin manoma ne. Na farko ya fara a 1939 a birnin Rochester na jihar New York, lokacin da amfanin gona ya yi kwantai a hannun manoma, jama'ar birni kuma ba su da abin saye. Mutum yakan sayi takardu masu ruwan lemo na dala ɗaya, a ƙara masa shuɗɗa na rabin dala, waɗanda ba sa sayen komai sai kayan da gwamnati ta ce sun yi rara. An rufe shi a 1943 da yaƙi ya kawo aiki. Shugaba Kennedy ya dawo da shi a matsayin gwaji a 1961, Shugaba Johnson ya sa hannu ya zama doka a 1964. Shi ya sa har gobe yake ƙarƙashin Ma'aikatar Noma, kuma ana sabunta shi ne a cikin babbar dokar noma, inda 'yan majalisar karkara da na birni ke yin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda.

Tun a 1964 ɗin an yi gardama kan me talaka zai saya. Majalisar Wakilai ta so a hana lemon kwalba da abincin ƙasaita, amma wannan bai shiga dokar ƙarshe ba. Haramcin abinci mai zafi kuwa ya kafu ne a shekarun 1970, lokacin da gidajen abincin gaggawa ke yaɗuwa a kowace kusurwa. Tunanin masu dokar a bayyane yake: kuɗin nan na cefane ne, ba na cin abinci a waje ba. To amma yaya za a rubuta wannan a doka ta yadda mai kanti zai gane cikin daƙiƙa ɗaya? Ba za a iya jera sunan kowane abinci ba. Sai aka ɗauki zafi a matsayin alama. A wancan zamani alamar ta yi daidai da gaskiya, domin abin da ke kanti ɗanye ne ko na gwangwani, abin da ke da zafi kuma a gidan abinci yake.

Lissafin kuɗin ma a kan wannan aka gina shi. Ana auna yawan tallafin ne da wani kwandon cefane na misali da Ma'aikatar Noma ke tsarawa, mafi arha cikin kwandunanta, wanda ya ɗauka cewa kusan komai a gida za a dafa. An sake duba kwandon a 2021 aka ƙara kuɗin da kimanin kashi 21 cikin 100, amma zaton bai sauya ba: akwai murhu, akwai firji, akwai tukunya, kuma akwai wani a gida mai lokacin da zai jiƙa wake ya tsaya a kansa.

Abin da ya sauya shi ne kantin kansa. Babban kanti na yau rabinsa ɗakin girki ne. Gasasshiyar kazar Costco, wani kamfanin manyan kantuna, dala 4.99 ce, kuma kamfanin ya riƙe wannan farashi shekaru da yawa don ya jawo masu saye, har ta kai ɗanyar kaza mai irin girmanta kan kai wannan kuɗi ko ta ɗara. Ke nan dokar da aka kafa don ta hana tsada tana iya tura mutum ga abin da ya fi tsada, sannan ya ƙara da kuɗin gas da awa guda a tsaye. (Costco ɗin ma sai mai katin zama ɗan ƙungiya, wanda ake biya duk shekara, kuma tallafin ba ya biyan wannan. Amma sauran manyan kantuna ma suna da tasu kazar mai rangwame.)

Kanti ne ko gidan abinci?

Rabin rikicin a wajen mai kanti yake. Ba kowane mai sayar da abinci ke da izinin karɓar katin ba. Sai ya nema, kuma sai ya nuna cewa shi mai kayan cefane ne: ko dai yana ajiye kaya daga rukuni huɗu, wato nama da kifi, hatsi da burodi, madara da danginta, kayan lambu da 'ya'yan itace, ko kuma fiye da rabin cinikinsa daga irin waɗannan kaya yake fitowa. Idan fiye da rabin cinikin wuri daga dafaffen abinci ne, mai zafi ko mai sanyi, to a idon gwamnati gidan abinci ne, ba shi da izini. Wannan ne ya sa sanwici mai sanyi yake wucewa a bodega amma irinsa sak ba ya wucewa a yawancin shagunan Subway, kamfanin da ke sayar da sanwici. Sanwicin ba shi da laifi, shagon ne ba ya cikin tsarin.

Inda duk aka ja layi, za a sami masu zagaye shi. A unguwannin talakawa na wasu birane an daɗe da shagunan kifi masu tsarin "ka saya, mu soya". Ka biya ɗanyen kifi da kati, sannan ka ba da ɗan canji na hannu a soya maka. A takarda ba a karya doka ba, domin lokacin biya kifin ɗanye ne. A 2016 Ma'aikatar Noma ta fitar da ƙa'idar da ta ce abincin da mai shago ya dafa ko ya ɗumama a wurin, ko kafin biya ko bayan biya, za a lissafa shi cikin dafaffen abinci idan ana auna rabin nan. Ba a hana soyawar ba, amma shagon da ya dogara da ita kacokan zai iya rasa izininsa. A ɗaya gefen kuma akwai Papa Murphy's, kamfanin da ke haɗa fiza ɗanya ka kai gida ka gasa. Shagunansa da yawa suna karɓar katin, domin abin da suke miƙa maka bai taɓa wuta ba.

Mai ƙaramin kanti ba ya wasa da wannan, kuma yana da dalili. Ana turo masu bincike a ɓoye su yi saye kamar kowa. Wanda aka kama yana sayar da abin da ba ya cikin tsari za a iya dakatar da shi daga wata 6 har zuwa shekara 5, wanda aka kama yana musayar kuɗin katin da tsabar kuɗi kuma a kore shi har abada. A unguwar da rabin masu saye da kati suke zuwa, wata shida ba kati daidai yake da rufe shago. Don haka idan mai kanti ya ƙi goga maka kati a kan faranti mai zafi duk da kun saba, ba rowa ba ce. Abincin 'ya'yansa yake karewa.

Ƙofofin da aka bari a buɗe

Gwamnati da kanta ta san akwai mutanen da ba za su iya girki ba, shi ya sa ta bar wa jihohi zaɓin wani shiri da ke ba da damar cin abinci a gidajen abincin da aka amince da su. Rukuni uku ne kawai ke shiga: masu shekara 60 zuwa sama, masu naƙasa, da marasa matsuguni, tare da matansu ko mazajensu. Sai dai jihohi ƙalilan ne suka karɓa, irin su Kalifoniya, Arizona, Michigan, Maryland, Illinois, Virginia, Rhode Island, Massachusetts da New York, wadda gwamnarta Kathy Hochul ta sa hannu a dokarsa a 2021. Ko a waɗannan ma, wani wurin gunduma kaɗan ce ke ciki, kuma sai gidan abincin ya nemi shiga da kansa. Tsoho mai ciwon gaɓoɓi a Los Angeles zai iya samun abinci mai ɗumi da katinsa, takwaransa a Texas ba zai samu ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta bala'i. Idan guguwa ko gobarar daji ta raba mutane da gidajensu ko ta katse lantarki, jiha takan roƙi a ɗage haramcin na 'yan makonni, kuma galibi ana amincewa. An yi haka a Texas bayan guguwar Harvey a 2017, a North Carolina bayan guguwar Helene a 2024, da Los Angeles lokacin gobarar Janairun 2025. A waɗannan makonni kantuna kan sauya lissafin kwamfutarsu, kaza mai zafi ta wuce lafiya lau.

A ganina wannan ƙofa ta biyu ita ce hujja mafi ƙarfi a kan dokar. Gwamnati ta yarda cewa wanda ba shi da murhu yana buƙatar abinci mai zafi, amma ta yarda ne kawai idan ruwa ko wuta suka ƙwace murhun, kuma suka ƙwace na mutane da yawa a rana ɗaya. Wanda kuɗin haya ya ƙwace nasa, yana kwana a mota ko a ɗakin otal mai arha da yara uku, ba shi da ranar da za a ɗage masa. Ƙidayar gwamnati ta 2024 ta sami mutum sama da 770,000 ba su da matsuguni a dare ɗaya.

Masu cewa a cire, da masu cewa a bari

Grace Meng, 'yar majalisa daga Queens a New York, ta gabatar da ƙudurin da zai soke haramcin a kantuna, kuma ta sami goyon baya daga ɓangarorin siyasa biyu. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce lokaci ma kuɗi ne. Ana matsa wa masu karɓar tallafi su yi aiki, da yawansu kuma suna yi, wasu aiki biyu, amma ana lissafa musu abinci kamar akwai mai zaman gida. Suna kuma nuna abin da kowa ke iya gani: katin yana sayen katan na lemon kwalba da buhun soyayyen dankali na leda, amma ba ya sayen kofin miyar kayan lambu don kawai tana tururi.

Masu cewa a bari ba duka ne marasa tausayi ba, kuma bai kamata a yi watsi da maganarsu ba. Kazar dala 4.99 ita ce misalin da ya fi kowanne daɗin faɗa, amma ba ita ce yawancin abin da ke cikin gilashin zafi ba. Yawancinsa soyayye ne, kuma idan ana auna shi da laba ya fi ɗanyen kaya tsada nesa ba kusa ba. Faranti ɗaya zai iya cinye kuɗin kwana biyu na mai dala 6 a rana, alhali an san gidaje da yawa kuɗinsu kan ƙare tun kafin wata ya ƙare. Sannan akwai tsoron abin da zai biyo baya. Idan gidan mai da ke sayar da soyayyar kaza ya sami damar karɓar katin, da wane baki za a hana gidan kazar da ke tsallaken titi? Manyan kamfanonin abincin gaggawa sun daɗe suna hangen waɗannan biliyoyi. Daga nan shirin ya tashi daga na cefane, kuma masu neman a rage shi su sami sabon makami.

Ni dai na fi karkata ga a sassauta, amma ba don hujjar masu adawa ba ta da tushe ba. Dalilina shi ne abin da suke tsoro akwai wata ƙa'idar da ta riga ta tare shi, wato ta rabin ciniki, wadda ke raba kanti da gidan abinci. Wannan ita ke gadin ƙofar. Ƙa'idar zafi ba ta hana kowa sayen soyayyar kaza, tana dai tilasta masa ya ci ta da sanyi, ko ya nemi inda zai ɗumama. Wanda ke da ɗakin girki bai ma san tana nan ba. Wanda ba shi da shi ne kaɗai ke jin ta a haƙori. Batun kuɗi su ƙare da wuri kuwa gaskiya ne, sai dai wanda ke rayuwa a kan dala 6 ya fi kowane ɗan majalisa iya lissafinta.

Inda iska ta dosa tun 2025

Abin lura shi ne a yanzu iskar ba wajen sassauci take kaɗawa ba. Shekaru da yawa Ma'aikatar Noma tana ƙin bai wa jihohi izinin taƙaita abin da ake saye. Ta ƙi roƙon magajin garin New York Michael Bloomberg na hana lemon kwalba a 2011. A Mayun 2025 sakatariyar noma Brooke Rollins ta sa hannu a izini na farko ga jihar Nebraska, tare da goyon bayan sakataren lafiya Robert F. Kennedy ƙarami, jihohi fiye da goma kuma suka biyo baya. Kowace da nata jerin. Iowa ta ɗaure nata da dokar harajinta, ta yadda abincin da ake ɗora wa harajin saye a jihar ba ya shiga, kuma wannan ya taɓa wasu daga cikin kayan da aka shirya a kanti. Sakamakon shi ne tsohuwar amsa mai sauƙi, wato mai sanyi ya wuce mai zafi ya tsaya, ba ta isa a ko'ina kuma. Wanda ya ƙaura daga wata jiha zuwa wata, ko yake zaune a bakin iyaka, sai ya sake tambaya.

Ga kuma babbar dokar kasafi da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, wadda ofishin kasafi na Majalisa ya ƙiyasta za ta rage wa shirin kimanin dala biliyan 186 cikin shekara goma. Ta faɗaɗa sharaɗin aiki na awa 80 a wata ya kai masu shekara 64, ya haɗa da iyayen da ƙaramin ɗansu ya kai 14, ta kuma cire uzurin da aka yi wa marasa matsuguni da tsofaffin sojoji. Wato an ƙara yawan waɗanda dole su wuni a waje, ba a taɓa ƙa'idar da ke zaton suna gida suna girki ba. Bayan watanni kaɗan, rufewar ayyukan gwamnati ta kwana 43 saboda rikicin kasafi ta sa kuɗin Nuwamba suka makara ko suka zo rabi a jihohi da dama.

Ga 'yan'uwanmu mazauna can, musamman a Bronx inda Hausawan Ghana da Nijar da Nijeriya suke da yawa, tambaya ta farko ma ita ce ko mutum ya cancanci katin. Wanda ba shi da takardun zama bai taɓa cancanta ba. Babban da ke da koren kati, wato takardar izinin zama na dindindin, galibi sai ya shekara biyar. Dokar 2025 ta cire 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka har sai sun sami koren katin. Amma yaron da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, kuma iyayensa na iya nema masa ko da su ba su cancanta ba, sai a lissafa kuɗin a kan kansa kaɗai.

Wanda ke da katin kuma ya tsaya a gaban teburin, abin da zai fisshe shi kaɗan ne. Ya faɗa tun kafin a fara haɗa abincin cewa da kati zai biya. Ya duba firjin da ke kusa, domin kantuna da yawa suna mayar da kazar da ba ta ƙare ba can, wani lokaci ma da ragi. Idan ya haɗa kaya masu zafi da masu sanyi, kwamfuta za ta cire abin da katin ya ɗauka, ta bar masa sauran ya biya da wani kuɗin, ba sai ya mayar da komai ba. Idan kuma ya kai 60, ko yana da naƙasa, ko ba shi da matsuguni, ya tambayi ofishin jiharsa ko an saka wa katinsa alamar shirin gidajen abinci, domin idan ba a saka ba, na'urar gidan abincin za ta ƙi shi ko da ya cancanta.